Tsagewar IN738LC a na'urar buga ƙarfe: daga gari take farawa

Wanda ya saba buga Inconel 718 a na'urar da ke narka garin ƙarfe da hasken lesa zai sha mamaki ranar da ya koma IN738LC, duk da cewa dukansu gaurayen ƙarfen nikel ne masu jure zafi. Ka yanka samfur, ka goge, ka duba a madubin ƙara girma, sai ga tsaga siri-siri sun miƙe sama, suna bin iyakar ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarfen.

Matsalar tana cikin haɗin. Aluminiyam ɗin 718 kusan kashi 0.5 ne cikin ɗari, titaniyam kusan kashi 1. A IN738LC kuwa kowannensu ya kai wajen 3.4. Su ke ba shi juriyar zafi a fuka-fukan injin tashar lantarki, su kuma ke sa ya ƙi walda. Bugun lesa kuwa walda ce, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace kaurinta maikiron 20 zuwa 40 (maikiron 1000 ne milimita ɗaya).

Yawancin tsagar wajen daskarewa take faruwa. Zirkoniyam da silikon da boron, duk ƙanƙantarsu, taruwa suke tsakanin ƙwayoyi, su bar siririn ruwan ƙarfe da ke makara kafin ya daskare. Kewayensa na sanyi yana ja, sai wurin ya buɗe. Shi ya sa kafin ka taɓa saiti, fara karanta takardar sinadaran kowane kason gari, ka zaɓi mai ƙarancin zirkoniyam da silikon. Boron kam a rage shi ne kawai, domin idan babu shi iyakar ƙwayoyin ba ta daɗewa a zafi.

A saiti, guji narki mai zurfi da ƙunci, sannan ka riƙa juya alƙiblar lesa digiri 67 a kowace shimfiɗa. Ɗumama farantin da ake bugu a kansa zuwa digiri 200 na Selsiyas bai taka kara ya karya ba. Na'urar da ke amfani da ilektiron a madadin lesa tana riƙe gari kusa da digiri 1000, shi ya sa tsaga ba ta cika damunta ba.

Inda ake tafka asara shi ne tanderun da ake gasa kayan bayan bugu. Kayan ya fito daga bugu lafiya, amma cike yake da ɗaurin ja, wato jan da saurin sanyi ya bari a cikinsa. Tsakanin digiri 700 da 900 ƙarfen yana taurara kafin ɗaurin ya saki, sai ya dare. Ratsa wannan zangon da sauri.

Matsi da iskar argon a wajen digiri 1200 da ƙarfin matsi na megafaskal 100 ko fiye, na kamar awa huɗu, yana rufe tsagar ciki. Wadda ta leƙo waje ba ta rufuwa, don iskar shiga cikinta take yi. Tun wajen zane ka bar rarar kauri da za a fere daga baya.