Fensir, fomalin da hantar ɓera

Ranar da na gaya wa Inna aikin da na samu a ɗakin gwajin magunguna, ajiye muciya ta yi ta dube ni: "Duk bokon nan, kiwon ɓeraye za ki yi?" Kuma da gaskiyarta. Wata biyun farko share keji nake yi, da canja garin katako, da awon nauyi. Fararen ɓeraye ne masu jajayen idanu, kowanne gram 20 zuwa 25. Sai kin iya kama su ta fatar ƙeya, in ba haka ba ki sha cizo.

Maganin maleriya muke gwadawa. Ƙwayar da ke kama mutum ba ta zama a jinin ɓera, shi ya sa ake amfani da Plasmodium berghei, wadda aka gano a jikin ɓerayen daji a Kongo a 1948. A yi musu allurar jini mai ƙwayar, a ba su magani kwana 4, kashegari a ɗiga jini daga bakin wutsiya, a shafa a gilashi, a rina da rinin Giemsa, a zauna ƙirga ƙwayoyin cutar a madubin likita.

Wannan bai ba ni wuya ba. Inda na sha kashi shi ne wajen nama. Bayan mun kashe ɓerayen yadda kwamitin kula da dabbobi ya amince, na ciro hanta da saifa, saifar ta kumbura ta yi baƙi. Don rowa, na cusa hanta sukutum a 'yar kwalba, fomalin, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, bai ko rufe ta sosai ba. Shi kuwa a hankali yake ratsa nama, kafin ya kai tsakiya cikin ya lalace. Lambobin ma da biro na rubuta, sinadaran da ake jiƙa naman a ciki kafin a binne shi a kaki suka wanke tawadar tas. Ɓeraye 30, ban san wane ne wane ba.

Dattijon da ke yanka mana naman don dubawa a madubin likita bai yi faɗa ba. Ya ce, "'Yata, rai talatin kika ɗauka, ba su amfani kowa ba." Da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini fensir, wanda rubutunsa ba ya wankewa, ya nuna mini yanka wanda kaurinsa bai wuce milimita 4 ba, da fomalin ninki goma na naman, ya kwana ya wuni a ciki.

Hannunsa na fi kallo. Da bazara kaki kan yi laushi, sai ya ɗora shi kan ƙanƙara kafin ya sa a injin yanka, ya fitar da yanka mai kaurin maikiron 5 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ya shimfiɗa a ruwan ɗumi ba tare da ya tattare ba. Sai da na ɓata kwalin gilashi guda kafin nawa ya fito, bayan an rina ga ƙwayoyin hanta a jere a madubin likita, tsakiyarsu shuɗi, gefensu ruwan hoda.

Na ɗauki hotonsa a waya na kai wa Inna. Ta juya shi sama da ƙasa, ta ce zanen atamfa ne.