Koriyar fitila

Yau a ɗakin gwaji, manhajar da na shafe wata uku ina rubutawa ta ba jiragen ƙasa biyu koriyar fitila a layin dogo ɗaya. A allon kwamfuta ne, ba jirgin gaske ba, amma wallahi sai da gabana ya faɗi. Sharaɗi ɗaya na manta: in na'urar da ke ƙirga ƙafafun jirgi ta yi shiru, a ɗauka akwai jirgi a wurin, fitila ta koma ja.

Kafin La'asar na gyara. Amma tun ɗazu Inna nake hangowa, zaune bakin tagar jirgi daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja, tana jan carbi hankali kwance. Mutane irinta ne ke cikin jiragen da nake gani kamar ɗigo a allo.