Kafin a yi wa kwamfuta fomatin

Shagonmu yana kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma aikinmu shi ne haɗa kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu domin su riƙa musayar fayil a tsakaninsu. Kiran da ya fi zuwa mana shi ne na mai shago da zai ce kwafi ya ƙi tafiya, bairos ya shiga, a zo a yi fomatin. Wannan gaggawa tana damuna ƙwarai, domin ta sha cinye aikin ɗalibai da takardun mutane alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Sunan fayil nake fara dubawa. Linux, wato wata manhajar da ke gudanar da kwamfuta kamar Windows, tana yarda a sa alamar tambaya ko ruwa biyu a cikin suna, Windows kuwa ba ta karɓa. Haka kuma a wurin Linux "Rahoto" da "rahoto" fayil biyu ne, a wurin Windows ɗaya ne, sai ɗaya ya nemi hawa kan ɗaya. Idan kuma folda ta shiga cikin folda har adireshin ya haura haruffa 260, kwafi yakan tsaya, sai an gajarta sunayen.

Masu ɗaukar bidiyon biki su kuma girma ne ke kama su, domin filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4 GB ko da akwai fili. Maganinsa a mayar da filashin kan tsarin exFAT, wanda Mac da Windows duk suke rubutu a kansa.

Inda nake yawan saɓani da abokan hulɗa shi ne tsohuwar na'urar fotokwafi da ta daina tura sikanin zuwa kwamfuta. Irin waɗannan na'urori da SMB1 kaɗai suke magana, tsohuwar hanyar musayar fayil da bairos ɗin WannaCry ya bi ya ɓarnata kwamfutoci a duniya a 2017, kuma tun daga ƙarshen 2017 ɗin sababbin Windows 10 suka daina zuwa da ita a buɗe. Mai shago zai ce, "Malam, ka kunna mana kawai, kwastoma na jira." Kunnawar ba ta cin minti biyar, amma ba na yi a kwamfutar da ke hawa intanet kuma take riƙe da takardun jama'a. Nakan nemi sabuwar manhajar na'urar daga kamfaninta, idan babu, sai in ware mata wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da Samba (manhajar da ke sa Linux ta iya magana da SMB), ta karɓi sikanin ta miƙa wa sauran.