Gam ɗin da ya kusa hana ni shigar Sarauniya Amina

Ranar Juma'a da hantsi na zuge jakar kayan shigata ta Sarauniya Amina a tsakar ɗakin Gwaggona a Agege, taron da zan sa su kuwa washegari ne Asabar. Abin da na fara gani shi ne kwalkwalin, ya rabe biyu daga tsakar ka har ƙeya. Na sa hannu na ɗago allon ƙirjin, sai kafaɗar dama ta zame ta faɗi a kan tabarma, gam ɗin yana biye da ita zare-zare kamar yauƙin kuɓewa da ya bushe. Adon da na shafe dare huɗu ina yankawa da reza, dagin Arewa da na ɗora a tsakiyar ƙirji, ya goce daga wurinsa ya je ya manne a gefen haƙarƙari, ya kwashe fentin wurin. Aikin wata 3 ke nan. Na zauna a ƙasa na kasa cewa komai. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke lafiya?" Na nuna mata kawai, hawaye suka zubo.

Tun ina makarantar sakandare nake ganin hotunan masu yin shigar jaruman zane da na finafinai a intanet, abin da suke kira kosfile. Da na ji cewa a Legas ana yin irin wannan taro, Lagos Comic Con, tun 2012, kuma akwai gasar shiga a cikinsa, sai na ƙudurta cewa in har zan je, ba zan je da shigar wata jarumar Japan ko Amurka ba. Ni 'yar Zariya ce, kuma muna da tamu. Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda masana da yawa suke sawa a ƙarni na 16, wadda har yau ake kiran wasu tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Babu wanda ya zana ta tana raye, saboda haka duk hoton da kuka gani nata hasashe ne. Wannan ya ba ni dama, kuma ya ɗora mini nauyi. Na kalli 'yan lifidi da 'yan sulke na hawan sallah, na ɗauki abin da na ɗauka, sauran na ƙirƙira. Wani abin da ya kwantar wa Umma hankali shi ne shigar ta rufe jiki ruf, har da rawani a ƙarƙashin kwalkwali.

Lifidin bai ba ni wahala ba. Wani dattijo mai ɗinkin kayan doki a cikin birni ya nuna mini yadda ake dinƙe yadi biyu layi-layi a cusa audugar rimi a tsakani, na yi nawa a keken Umma, ja da baƙi. Sulken wuya da hannuwa na saƙa da wayar alminiyum, na nannaɗe ta a jikin ƙarfe na yanke zobe-zobe, kowane zobe ya ratsa huɗu. Yana cin yatsa, amma aiki ne na haƙuri kawai. Takobi kuwa na katako ne, domin ba a shiga irin wannan taro da makami na gaske. Kuben da linzamin ado na saya a Kasuwar Kurmi a Kano. Duk waɗannan sun isa Legas lafiya lau, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Allon ƙirji da kafaɗu da kwalkwali da kariyar ƙwauri su ne na yi da soson roba, irin wanda masu takalma suke kira mako, wanda ake yin tafin silifa da shi. A Kofar Wambai na sayo shi, mai kauri milimita 10 na jiki, da mai milimita 2 na ado. In ka gasa shi kaɗan yana lanƙwasuwa, in ya huce ya riƙe siffar da ka ba shi. A nan ne na yi kuskuren. Mutumin da ya sayar mini da makon ya miƙo mini gwangwanin gam irin nasu, ya ce, "Hajiya, ga abokin tafiyarsa." Na ce masa a'a, ina da nawa a gida. Abin da nake da shi a gida bindigar gam ce, mai aiki da wuta, wadda ake zura mata sanduna masu kama da kyandir. Na ga ana amfani da ita a bidiyo da yawa, ba ta da wari, kuma cikin daƙiƙa kaɗan ta kama. Gam ɗin masu takalma kuwa warinsa yana hawa kai, Umma ba za ta yarda da shi a cikin ɗaki ba, ga jira. Ya sake cewa, "Wancan ba ya son rana fa." Na ji shi sarai. Na biya kuɗina na tafi.

Wannan maganar tasa ita ce ta dinga dawo mini a kan tabarmar Gwaggo. Gam na bindiga zafi ne ke narkar da shi, sanyi ya daskarar da shi, kuma ba ya canza hali don ya riga ya daskare sau ɗaya. Duk ranar da ya sake jin zafi zai yi laushi. Ba sai ya narke ya zama ruwa ba, laushin kaɗai ya isa, domin makon da ka lanƙwasa kullum yana ƙoƙarin komawa miƙe, yana jan ɗinkin gam ɗin ta ɓangare biyu. Masu bidiyon da na koya a wurinsu yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, suna ɗaukar kayansu a kujerar bayan mota mai na'urar sanyi. Ni kuwa na cusa nawa a baƙar jaka, yaron mota ya jefa ta a but ɗin ƙasan babbar mota ta wajen baya, kusa da inji, ya ɗora buhunan mutane a kai. Muka tashi daga Zariya da safiyar Alhamis, muka maƙale a cunkoso kafin Lakwaja da tsakar rana, motar na tsaye inji na aiki fiye da awa biyu. Ina zaune a sama ina fifita da mayafina, ko sau ɗaya tunanin jakar bai zo mini ba.

Abin da ya fi ci mini rai, alamar ta nuna tun a gida. Wata rana na shanya kariyar ƙwauri ɗaya a kan katanga don fenti ya bushe, da na ɗauko ta bayan azahar bakin ɗinkin ya ɗan buɗe. Na ƙara masa gam na danne, na ce ƙila ban sa da yawa ba ne. Da na tsaya na tambayi kaina me ya buɗe shi, da tun ranar na kwance komai na sake, lokacin ina da sauran sati shida a hannu.

Gwaggo ce ta yi tunanin da ni na kasa yi. Ta ɗauki kafaɗar ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Wannan ai kayan takalmi ne. Tashi mu je wajen Baba." A bakin layinsu akwai wani tsohon shumeka, mutumin Sakkwato, ya daɗe a Agege kamar yadda Hausawa da yawa suka daɗe a can. Muka zube masa kayan a kan buhu. Bai tambaye ni mene ne wannan ba, bai yi dariya ba. Ya ɗauki kwalkwalin ya sa farce ya ɓare tsohon gam ɗin, ya fita sul kamar ɓawon gyambo. Ya ce, "'Yata, wannan bai shiga jikinsa ba, a sama ya kwanta."

Daga nan har la'asar sakaliya ina tsugune a gefensa, in ban da lokacin da ya rufe ya tafi masallacin Juma'a ya bar ni ina kankare gam da wuƙarsa. Sai an cire tsohon gaba ɗaya, domin sabon ba ya kama a kansa. Sannan ya goge bakin kowane yanki da samfefa har ya yi kaushi. Ya tsoma ɗan guntun soso a gwangwani ya shafa gam siriri a fuska biyun da za su haɗu, ya ajiye su daban-daban. Na miƙa hannu zan haɗa, ya riƙe mini wuyan riga ta baya da sandarsa ya ce, "Bari ya sha iska." Muka jira kamar minti 10, har ya daina sheƙi, in ka taɓa da bayan yatsa yana ɗan kamawa amma ba ya biyo ka. Sannan ya fara haɗawa daga gefe ɗaya, kaɗan-kaɗan, yana dannawa da babban yatsa, domin in suka taɓa juna a karkace babu gyara. Ya ɗora a kan ƙarfensa ya bubbuga da guduma. Ya miƙo mini ya ce in ja. Na ja da ƙarfina, makon ya miƙe kamar zai yage a gefe, ɗinkin bai motsa ba.

Da ya zo kan maɗauran, wato igiyoyin fata da ke riƙe allon ƙirji a kafaɗa da ƙugu, sai ya ture gwangwanin gefe ya ɗauko basilla da zare mai kakin zuma. Ya ce duk inda nauyi yake rataye, ba a barin wa gam shi kaɗai. Ya liƙa guntun fata ta ciki don kada zaren ya yanka makon, ya huda ya ɗinke. Ni da na manna waɗannan maɗaurai da ɗigon gam huɗu-huɗu, ko da motar ba ta kwance su ba, da a tsakiyar taro za su sake ni.

Fentin ne bai gyaru yadda nake so ba. A gida na shafe makon da farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa har sau uku kafin fenti, don kada ya shanye shi, kuma kowace shafa tana son yini. A Legas ba ni da yini, ga iskar damina mai laima da ba ta barin komai ya bushe da wuri. Na shafa sau ɗaya, na sa a gaban fanka, na fesa ruwan zinariya da daddare a bayan gida. Wurin da dagin ya kwashe ya fito da tabo, launinsa ya fi sauran duhu. Na rataya layu na fata a kansa, uku a jere, irin waɗanda mayaƙa suke ɗaurawa a zamanin da. Mutum biyu a wurin taron sun ce layun ne suka fi burge su, ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashinsu, kuma duk hoton da aka ɗauke ni idona wurin yake fara zuwa.

Na shiga gasar, ban ci komai ba. Amma na yi awa bakwai cikin kayan, cikin cunkoso da zufa, ana ta tsayar da ni ana hoto, babu abin da ya ɓalle. Wata yarinya Bayerabiya ta tsaya a gabana ta ce a ɗakin kwanan dalibai mai sunan Amina take a Jami'ar Legas, ba ta taɓa tunanin yadda matar za ta kasance cikin kayan yaƙi ba. Na yi mata kirarin da muka taso da shi, Amina 'yar Bakwa ta san rana, na fassara mata iyakar iyawata.

Yanzu duk wadda ta turo mini saƙo tana tambayar yadda za ta fara, kafin zancen zane ko launi nake tambayarta da wane gam za ta haɗa. In ta ce na bindiga, ina ce mata ta ajiye shi don ƙananan ado da gyaran gaggawa a wurin taro, ta je wajen mai gyaran takalmin unguwarsu ta zauna awa ɗaya ta kalli hannunsa. Ta yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, domin gam ɗin yana kama wuta kuma shaƙarsa cuta ce. Ta haɗa guntaye biyu ta ajiye a kan kwanon rufi daga hantsi zuwa la'asar, sannan ta ja ta gani. Kuma kada ta yarda a sa mata kayan a but. Da za mu dawo, kujera biyu na biya, ɗaya tawa ɗaya ta kwalin, na ɗaure shi da mayafi a jikin kujerar har Zariya.

Bayan mako biyu na shiga Kano na nufi Kofar Wambai, na nemo rumfar mutumin. Bai gane ni ba sai da na tuna masa. Na ce, "Malam, gwangwanin nan da ka miƙo mini ran nan, ba ni biyu."