Tsohuwar bakin kududdufi

Daren jiya an ɗauke wuta, na kwanta ina karanta wani gajeren labari a waya. Wallahi har aka kira assalatu ban runtsa ba.

Labarin wata tsohuwa ce a wani lungu cikin birni, ɗakinta na kallon kududdufi. Jikanta ya faɗa ruwan da damina, ba a ga gawarsa ba. Kullum bayan magariba sai ta zuba tuwo a ƙaramin kwano ta ajiye a bakin ruwa. Unguwa ta ce mayya ce, ita ta cinye shi.

Marubucin bai taɓa cewa ta zautu ba, bai kuma wanke ta ba. Hannunta kawai ya nuna mana, yana rawa tana rufe kwanon da faifai don kada ƙuda ya hau. A nan na san wace ce ita.

Shi kuwa kududdufin, a wurina tauraro ne, ba wurin aukuwar labari kawai ba. Duk wanda ya tashi a Dala ko Mandawari cikin birnin Kano ya san asalin waɗannan ramuka: ƙasarsu aka haƙa aka gina gidajenmu. Ramin da ya ba su ɗaki shi ya karɓe musu yaro.

Wasu za su ce jigon labarin maita ne. Ni zargi na gani, da yadda maƙwabta ke juya wa mai makoki baya.

Ɗazu a adaidaita sahu muka wuce wani kududdufi, kainuwa ta rufe shi ruf, yara biyu na wasa a gefensa. Ban daina waiwayensu ba har muka sha kwana.