Abin da sunan MacGregor ya koya mini a karatun tarihi

Cikin sunayen dangogin Sikotilan da muka bi a darasin tarihin Turai, MacGregor ne ya fi tsaya mini a rai. Ma'anarsa ba ta da wuya. A harshen Gaelik na mutanen tsaunukan ƙasar, "mac" na nufin ɗa, Griogair kuma shi ne Gregory a bakinsu, suna mai asali daga Girka da ke nufin mai tsaro, wanda ba ya gyangyaɗi. Dangin suna cewa jininsu na sarauta ne daga gidan Sarki Alpin, amma masana tarihi ba su gamsu da hakan ba.

Inda labarin ya yi nauyi shi ne 1603. A watan Fabrairu MacGregor suka gwabza da dangin Colquhoun a kwarin Glen Fruin, suka kashe musu mutane da yawa. Sarki James na shida ya fusata, cikin Afrilu aka haramta sunan MacGregor ɗin kansa: duk wanda ya ci gaba da amsa shi, hukuncinsa kisa. A 1604 aka rataye shugaban dangin MacGregor, Alasdair, a Edinbara. Sarki Charles na biyu ya ɗage haramcin a 1661, aka maido shi a 1693, sai a 1774 majalisa ta soke shi baki ɗaya.

To me mutum zai yi da sunan da zai iya jawo masa igiya? Sai ya ari na maƙwabta. Wasu suka koma Murray, wasu Drummond, wasu Graham. Shi kansa Rob Roy, shahararren ɗan dangin MacGregor da aka haifa a 1671, ya daɗe yana sa hannu da Campbell, sunan dangin mahaifiyarsa. Haka kuma a tsaunukan, talaka da ke zaune ƙarƙashin wani shugaba yakan ɗauki sunan shugaban don neman kariya, ba tare da sun haɗa ko kaka ba.

Shi ya sa yanzu in na ga suna a tsohuwar rajistar coci, ba na saurin ɗora masa asali. Ina duba shekarar da aka rubuta shi, da ƙauyen, da wanda ke riƙe da ƙasar a lokacin. Campbell da aka yi wa baftisma kusa da tafkin Loch Lomond, yankin da MacGregor suka zauna, wajen 1700 yana iya zama MacGregor ne da ubansa ya ɓoye.