Kwana 15 da miƙa makulli

Laraba, da dare.

Yau kwana 15 ke nan da na kwashe kayana daga gidan da na yi shekara uku ina haya, na miƙa wa mai gidan makulli hannu da hannu, amma har yanzu babu kuɗin ajiyata, wato waɗanda na ba shi a matsayin jingina lokacin da na kama hayar, babu kuma takardar da ta bayyana dalilin riƙe su. Da safe na duba akwatin wasiƙu da asusun banki, na tarar shiru.

Dokar Jihar New York ta 2019 ba ta bar wurin jayayya ba. Kuɗin ajiya ba za su wuce hayar wata ɗaya ba, kuma daga ranar da ɗan haya ya bar gida, kwana 14 mai gida yake da su ya mayar da kuɗin, tare da lissafi dalla-dalla na duk abin da ya cire. Idan wa'adin ya wuce bai yi ba, ya rasa ikon riƙe ko da dala ɗaya, ko da kuwa akwai ɓarnar gaske. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kwantar mini da hankali. A Kalifoniya kwana 21 ne, a Texas kuma 30, saboda haka da can nake, da yau jira kawai ya rage mini.

Da azahar na kira mai gidan. Ya ce sai ya sake fentin falo, ya kuma ambaci kafet ɗin ɗakin kwana. Na san wurin da yake nufi: daidai bakin ƙofa, inda taku ya kwantar da gashinsa har ya yi fari-fari. Wannan tsufa ne irin wanda zama ke kawowa, doka kuma ta hana a cire wa ɗan haya kuɗi dominsa, domin haya ma ai ladan zaman ce. Hotunan da na ɗauka ranar tashi suna wayata, har da ramukan ƙusa huɗu da na cike da hannuna. Inda na yi sakaci shi ne ban nemi mu zagaya gidan tare kafin in tashi ba, alhali dokar ta ba ni wannan dama.

Ban ɗaga murya ba, tunda magana ta waya ba ta barin shaida a rubuce. Bayan la'asar na rubuta masa wasiƙa, na sa ranar da na tashi, adadin kuɗin da sabon adireshina, na ba shi mako guda. Na kuma tunatar da shi cewa idan alƙali ya ga da gangan aka riƙe, yana iya ƙara diyya har ninki biyu na ajiyar. Kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York tana sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, ba sai da lauya ba.

Gobe da safe zan aika wasiƙar ta gidan waya, irin wadda ake ba da rasit, in ajiye kwafi.